Ku Tambayi Malam: Ɗalibi a Kan Mumbari, Taswira a Hannu

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan wata a kan abu guda suke: makarantu suna tsayar da ɗalibai gaban iyaye da baƙi su yi jawabi kan labarin ƙasa da ci gaba mai ɗorewa. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma na sha zama a teburin alƙalan irin wannan taro, saboda haka na ba su shafin nan gaba ɗaya. Na gajarta wasu wasiƙun don fili ya isa.

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare. An zaɓe ni in yi jawabin minti goma ranar taron iyaye kan ci gaba mai ɗorewa. Na haddace muradun nan 17 tun daga na farko har na ƙarshe, amma da na karanta wa ƙanwata sai ta ce ba ta gane komai ba. Me zan gyara?

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki gode wa ƙanwar nan taki, domin ta faɗa miki abin da iyaye za su ji a ransu ranar taro, amma kara ba za ta bari su furta ba.

Haddarki ba ta tafi a banza ba. Yana da kyau ki san cewa ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka amince da muradun a watan Satumban 2015, da niyyar a cim musu nan da 2030, kuma a ƙarƙashinsu akwai ƙananan ƙudurori 169. To amma yi lissafi. Minti goma aka ba ki. In kika kasa shi gida 17, kowane muradi daƙiƙa 35 zai samu. Me mutum zai ce game da talauci ko ruwan sha a cikin daƙiƙa 35, ban da ya ambaci sunansu ya wuce? Jerin sunaye ƙanwarki ta ji, shi ya sa ba abin da ya zauna mata.

Ajiye jerin nan a gefe. Ki ɗauki wuri ɗaya tak a doron ƙasa, ki ba da labarin abin da ya same shi. Darasinmu duk faɗinsa tambaya biyu yake bi: a ina abin ya faru, kuma me ya sa a can ya faru ba a wani wuri ba?

Bari in nuna miki da wanda na fi so in koyar. A tsakiyar Asiya, tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, akwai tafkin Aral. A 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 68,000, shi ne na huɗu a girma cikin tafkunan duniya, har teku ake ce masa. Koguna biyu ne ke shayar da shi, Amu Darya daga kudu da Syr Darya daga arewa maso gabas, kuma ba shi da mafita, ruwansa rana ce kawai ke shanye shi. Muddin abin da kogunan ke kawowa ya yi daidai da abin da rana ke ɗauka, tafki yana nan daram. Sai hukumomin Tarayyar Sobiyet suka karkatar da ruwan kogunan zuwa gonakin auduga a cikin hamada. Auduga kuwa ta yi albarka, aka samu kuɗi, aka samu aikin yi. Wanda ya je wurin a shekarun farko zai rantse ci gaba ya zo. Amma rana ba ta daina shan rabonta ba, ga shi abin da ke shigowa ya ragu. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tafkin ya rabe biyu. Gishiri ya yi wa ragowar ruwan yawa, kifi ya mutu. Garin Moynaq, wanda a da tashar masunta ce, yau ruwa ya yi masa nisan fiye da kilomita 100, jiragen kamun kifi suna zaune a kan rairayi sun yi tsatsa. Iska kuma tana kwasar ƙurar gishiri da ragowar maganin ƙwari daga busasshen gindin tafkin tana watsa wa mutane a ƙirji.

In kika kai nan, kin riga kin taɓo ruwa, da aikin yi, da lafiya, da halittun cikin ruwa, muradu huɗu ke nan ba tare da kin kira lambar ko ɗaya ba. A nan ne ma'anar ci gaba mai ɗorewa za ta shigo, lokacin da kunnuwa suka buɗe. Kwamitin da Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norwe ta jagoranta ya bayyana ta a rahotonsa na 1987 da cewa ci gaba ne da ke biyan bukatar mutanen yau ba tare da ya tauye wa na gobe damar biyan tasu ba. Ni a aji da manomi nake fassara ta: wanda ya ci amfanin gonarsa ya ware iri, da wanda yunwa ko kwaɗayi ya sa ya haɗa da irin ya cinye. Dukansu sun ƙoshi bana. Baɗi ne za a bambanta su.

In Aral bai kwanta miki ba, akwai tekun da ke gabashin Kanada, inda aka yi kusan shekara 500 ana kamun wani babban kifi, har manyan jirage suka zo suka riƙa kwashewa fiye da yadda yake hayayyafa. A 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum kimanin 30,000 suka wayi gari ba sana'a. Ɗaya za ki zaɓa, kada ki haɗa biyun. Sannan ki koma wa ƙanwarki. In kin gama ta iya maimaita miki labarin da bakinta, to jawabinki ya nuna.

Malam, shekarata uku ina koyar da labarin ƙasa. Shugaban makarantarmu yana son ɗalibai su burge baƙi, ya ce in rubuta musu jawaban su haddace. Raina bai kwanta ba, amma ina tsoron su ba mu kunya in na bar su da kansu.

Malam, ranka da bai kwanta ba gaskiya yake gaya maka. Ni na taɓa yin abin da ake so ka yi, kuma har yau yana damuna.

Wani yaro ne mai murya da ƙarfin hali. Na rubuta masa shafi huɗu kan zaizayar ƙasa, ya haddace tsaf, ya hau ya zuba babu gargada, aka yi ta tafi. Sai wani dattijo daga cikin iyaye ya ɗaga hannu, cikin ladabi ya ce, yaro, kwazazzabon da ke bayan makarantar nan taku, me ya sa ta gefe ɗaya yake ci, ba ya cin ɗaya gefen? Yaron ya juyo yana kallona. Kullum ta bakin kwazazzabon nan yake wucewa, amma ban taɓa aikensa ya tsaya ya duba ba, don na shagala da gyara masa jimloli. Amsar kuwa a fili take: gefen da ke zubewa nan ne ruwan rufin azuzuwa ke kwarara, kuma an tattake ciyawarsa da sawu, ɗaya gefen saiwoyi sun riƙe shi. Da ido zai gano ta cikin minti biyar. Kunyar da ya sha ran nan ni na jawo masa.

Tun daga lokacin na daina rubuta wa kowa. Abin da nake yi, in ba yaro aikin da zai fita ya gani da idonsa, ya dawo ya rubuta da kalmominsa, ni kuma in zauna in yi ta tambayarsa "me ya sa?" har sai ya kai inda ya tsaya. Inda ya tsaya nan ne zai koma ya bincika.

Labarin da nake ba su kafin su fita shi ne na likita John Snow. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. A lokacin galibin masana sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Shi kuwa sai ya bi gida gida yana tambaya: nawa suka rasu a nan, kuma a ina kuke ɗebo ruwa? Ya ga mace-macen sun yi dandazo kewaye da famfo guda a titin Broad. Har wata tsohuwa da ta rasu a wata unguwa mai nisa, da ya bincika sai ya tarar daga wannan famfon ake kai mata ruwa don ta fi son ɗanɗanonsa. Ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon, daga baya kuma ya zana komai a taswira, kowane mamaci da ɗan layinsa a ƙofar gidansa. Ba wata na'ura ya yi amfani da ita ba. Ƙafa ce, da tambaya, da takarda.

Ɗalibanka za su iya kwatankwacin wannan a harabar makaranta. Wasu su zana inda ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke ruwan sama, su bi shi su ga daga ina ya taho. Wasu su ƙirga bishiyoyi, su rarrabe wanda aka dasa da wanda ya fito da kansa. Wasu su auna sharar da aji ɗaya ke tarawa a mako, su ga kashi nawa ne leda. Yaron da ya auna abu da hannunsa ba ya tsoron tambaya, murna ma yake a yi masa ita.

Shi kuma shugaba, kada ka yi jayayya da shi. Ka roƙe shi ya ba ka mako uku, ka kuma gayyace shi ya zauna a gwajin ƙarshe ya yi wa yaran tambayoyi da kansa. Jawabansu ba za su kai naka santsi ba, za a ji tuntuɓe nan da can. Iyaye sun san muryar 'ya'yansu, kuma suna gane ranar da aka ara musu bakin wani.

Malam, ina shirya jawabi kan tafkin Chadi. A wani wuri na karanta ya ƙafe da kashi 90 cikin 100, a wani kuma an ce ruwansa yana ƙaruwa. Wanne zan faɗa? Kada alƙalai su ce na yi ƙarya.

Ɗana, duka biyun za ka faɗa, kuma wannan saɓanin da ya ɗaure maka kai shi ne mafi daɗin abin da ke cikin jawabinka.

Ga yadda abin yake. A farkon shekarun 1960 tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Aka shiga farin shekarun 1970, aka ƙara da na 1980, sai ya tsuke har buɗaɗɗen ruwansa ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma na wancan. Daga nan adadin kashi 90 ya samo asali, kuma gaskiya ne in shekarun nan biyu ka gwama. Amma dubi inda aka fara awon. Shekarun 1950 da farkon 1960 lokaci ne na ruwa mai yawa a yankin Sahel, tafkin yana kan ganiyarsa. Inda aka ƙare awon kuma tsakiyar fari ne. Tun daga shekarun 1990 damina ta ɗan farfaɗo, ruwa ya dawo wurare da dama, har an yi shekarun ambaliya.

Me ya sa yake saurin kumbura da saurin motsewa haka? Domin ba shi da zurfi. Faranti ne, ba rijiya ba. A yawancin wurare zurfinsa 'yan mitoci ne ƙalilan, ƙasar kewayensa kuma shimfiɗaɗɗiya, to in ruwa ya sauka da mita ɗaya sai gaɓa ta ja da baya kilomitoci. Sannan kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga cikinsa kogin Shari ne da reshensa Logon ke kawowa daga kudu, daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Kamaru. Wato masunci a bakin tafki, rayuwarsa tana rataye da ruwan saman da ya sauka ɗaruruwan kilomitoci daga inda yake, a ƙasar da wataƙila bai taɓa takawa ba. In ka iya sa masu sauraro su ga wannan zaren, ka koya musu labarin ƙasa fiye da wanda ya karanto musu adadi ashirin. Akwai kuma ƙarin abu: sashe babba na ruwan yana ƙarƙashin ciyayi da fadama, saboda haka mai auna buɗaɗɗen ruwa kaɗai da mai haɗawa da fadama ba za su taɓa kawo adadi ɗaya ba.

Kada wannan ya sa ka ce babu matsala. Akwai, babba ma. Jama'ar da ke dogaro da tafkin a Chadi da Nijar da Najeriya da Kamaru sun ninka na 1964, shekarar da ƙasashen huɗu suka kafa hukumar kula da shi. Damina ta zama marar tabbas, rikici kuma ya raba mutane da gonaki da wuraren kiwo da na su. Wahalar manomi da makiyayi a can har da rashin sanin inda gaɓar ruwa za ta tsaya baɗi.

Ka'idata ga duk ɗalibin da zai furta adadi: ya san shekarar da aka auna, ya san abin da aka auna, ya san wanda ya auna. In ɗaya ya ɓace masa, ya bar adadin a gida. Adadi uku da ka riƙe da kyau sun ishe ka minti goma. Kuma a daina jingina kowace ambaliya da kowane zafi ga sauyin yanayi kai tsaye. Ɗumamar duniya gaskiya ce. Iskar kabon da ke sararin sama ta tashi daga kimanin 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau. Amma unguwar da ta cika magudanarta da shara, ta yi gini a kan hanyar ruwa, tana da nata laifin da ya kamata a ambata da sunansa.

Malam, ni uba ne. Ɗiyata ta ce za ta yi jawabi gaban manya kan yadda ake lalata muhalli. Ni dai ina ganin bai dace yarinya ta tsaya tana yi wa sa'o'in iyayenta wa'azi ba. Ga jarrabawa kuma ta matso.

Ranka ya daɗe, damuwarka tana da tushe, ba zan raina ta ba. Na sha jin jawabin da yaro ya hau yana nuna manya da yatsa, yana maimaita zafafan kalmomin da ya tsinta a intanet. Ni ma ba ya yi mini daɗi, kuma ba ya gyara komai, domin wanda aka kunyata ba ya saurare.

Amma tsayawa gaban manya daban, rashin kunya daban. A taron ƙoli kan muhalli da aka yi a birnin Riyo na ƙasar Barazil a 1992, wata yarinya 'yar Kanada mai shekara 12, Severn Cullis-Suzuki, ta yi wa wakilan ƙasashe jawabi na 'yan mintoci, kuma har yau ana tunawa da shi. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne a matsayin 'ya ta yi magana, tana tuna wa iyaye tarbiyyar da su da kansu suke ba 'ya'yansu.

Ga abin da zan roƙe ka. Maimakon ka hana ta, ka zama madogararta ta farko. Ta zauna gabanka da littafi ta tambaye ka: Baba, lokacin da kake kamar ni, igiya gaba nawa ake zurawa kafin a taɓo ruwa? Waɗanne itatuwa ne ka sani da yanzu ba ka ganinsu? Yaushe damina ke sauka a da? Abin da ke kanka na shekara arba'in ko hamsin ba ya cikin littafinta. In ta hau mumbari ta ce "mahaifina ya gaya mini", ta ɗaga darajarka ke nan a bainar jama'a, kuma duk dattijon da ke wurin zai gyara zama, don shi ma yana da irin nasa labarin.

Ilimin nan ai ba daga aji kaɗai yake fitowa ba. Yacouba Sawadogo, manomi ne a arewacin Burkina Faso. Ya ɗauki tsohuwar dabarar haƙa ramuka a fako, ya ƙara musu faɗi da zurfi, ya riƙa zuba taki a ciki tun da rani. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya sami hanyar shiga maimakon ya gudu. Da haka ya mai da fako daji, har masana suka riƙa zuwa koyo a wurinsa, aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a 2018. Ya rasu a 2023.

Batun jarrabawa kuwa, ka kwantar da hankalinka. Zaizayar ƙasa da kwararowar hamada da koguna duk suna cikin manhaja. Abin da ta tsaya ta bayyana wa mutane da bakinta zai riga komai zuwa mata a ɗakin jarrabawa.

Malam, makarantarmu ba ta da majigi. Zan iya yin jawabi kan nahiyoyi ba tare da hotuna ba? Kuma jikina rawa yake in na ga taro.

Za ka iya, ɗana. Nemi taswirar duniya ta bango da ƙwallon taswira, ka ajiye su gefe da gefe. Ka nuna wa mutane Girinlan, babban tsibirin da ke can ƙuryar arewa, da Afirka a ta bango, za su ga kamar kai ɗaya suke. Sai ka nuna su a ƙwallon. Afirka murabba'in kilomita miliyan 30 ce, Girinlan miliyan 2 da 'yan kai, wato ta ninka ta kusan sau 14. Taswirorin bango da yawa sun bi zanen da Gerardus Mercator ya fitar a 1569 don matuƙan jiragen ruwa. Yana kiyaye alƙibla, amma yana kumbura duk ƙasar da ta yi kusa da ƙuryar arewa ko ta kudu. In ka ɓare lemo ka yi ƙoƙarin shimfiɗa ɓawon a tebur, za su ga dalilin da idonsu.

Rawar jiki kuma kowa yana yi. Haddace jimlarka ta farko kaɗai, sauran ka riƙe kanunsu a 'yar takarda. Ka yi gwaji sau uku a tsaye, da murya sama, a ɗakin da za a yi taron in da hali. Hannun da ke riƙe da sandar nuni ba ya samun sukunin karkarwa. Ka kuma yi magana da harshen da mutanen da ke gabanka suka fi ji.

Malam, ni ce shugabar ƙungiyar muhalli ta makarantarmu. A taronmu na bara duk jawabanmu fari ne da ambaliya da yunwa. Mutane suka tashi jikinsu a sanyaye, wata uwa ma ta ce mana to tunda abin ya lalace haka, me ya rage? Yaya za mu yi bana?

'Yata, tambayar uwar nan ita ce jawabin da ya kamata ku yi bana. Kun ba da rabin labari ne. Akwai wuraren da mutane suka ɓata, akwai kuma waɗanda suka gyara, kuma gyaran ma labarin ƙasa ne, da dalilansa da adadinsa.

Ko Aral ɗin da na ambata a sama bai ƙare a jiragen da suka yi tsatsa ba. A 2005 Kazakistan ta kammala madatsar Kok-Aral, ta tsare ruwan Syr Darya a ɓangaren arewa. Cikin 'yan shekaru ruwa ya hau, gishiri ya ragu, kifi ya dawo, masunta suka koma aiki. Ɓangaren kudu dai yana nan cikin halinsa, a faɗi wannan ma.

Bangaladash ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya a bakin teku, inda manyan koguna ke juyewa, guguwar teku kuma ba ta daina zuwa ba. Ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Ta 1991 ta kashe kusan 140,000. Sai hukumomin ƙasar suka giggina matsugunan gudun guguwa a kan dogayen ginshiƙai, suka horar da dubban 'yan sa kai masu bi ƙauye ƙauye da lasifika suna gargaɗi. Da wata babbar guguwar ta zo a 2020, an kwashe mutum fiye da miliyan 2 kafin ta iso, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 50 ba. Haka nan lemar ozon da ke kare mu daga ɓangaren hasken rana mai cutarwa: a 1985 aka ba da rahoton hujewarta a saman Antatika, a 1987 ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal suka fara daina sinadaran da ke cinye ta, yanzu tana warkewa.

Amma wanda nake so ku tsaya a kansa sosai shi ne na kudancin Nijar. Bayan farin shekarun 1970 an yi ta dashen itatuwa a yankin Maraɗi, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya: a zaɓi toho mafi ƙarfi guda biyu ko uku a kowane kututture, a datse sauran, a kare su daga dabba da gatari. Tunda saiwa ta riga ta yi nisa, itacen yana girma da saurin da dashe ba zai yi ba. Manoma suka gani a gonar maƙwabci suka ɗauka. Wani abin da ya taimaka ƙwarai shi ne da manomi ya sami tabbacin cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne. Yau ana ƙiyasta cewa da wannan dabara an farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Cikinsu akwai gawo da yawa, wanda ke zubar da ganye da damina, ya bar wa shuka rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Ku gwama wannan da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, mai tsawon kimanin kilomita 8,000 daga Sanagal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 nan da 2030. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna hekta miliyan 4 aka kammala a cikin yankin da aka shata. Me ya sa wuƙar manomi ta yi abin da ya yi wa babban shiri wuya? Ku ba ɗaliba ɗaya wannan tambayar kaɗai, ta ishe ta jawabi.

Sannan kafin ranar taro, ku zaga harabar makarantarku ku nemo kututture mai toho. Ku datse shi yadda na faɗa, ku kewaye shi da ƙaya, ku auna tsawonsa da ma'auni ku rubuta kwanan wata. Ranar taro, bayan jawabi na ƙarshe, ku fita da iyaye ku nuna musu shi, ku gaya musu baɗi za ku sake aunawa a gabansu. Uwar nan da ta yi tambaya bara, ku aika mata da takardar gayyata ta musamman, ku ba ta ma'aunin ta riƙe.